Ba Kowane Ƙwai Ke Bukatar Allura Ba

A watan Janairu na shekarar 1992 aka haifi wani jariri wanda aka haɗa cikinsa a ɗakin binciken wani asibitin jami'a da ke birnin Burasel, a ƙasar Baljiyam. Jariran kwalba ba baƙon abu ba ne a wancan lokaci, domin an shekara 13 ke nan da haihuwar ta farkonsu, Louise Brown, a garin Oldham na Ingila, ranar 25 ga Yuli, 1978. Abin da ya bambanta jaririn Burasel shi ne hanyar da ƙwayar maniyyin mahaifinsa ta bi ta isa ƙwan mahaifiyarsa. Ba ta yi iyo ba, ba ta kuma huda komai da ƙarfinta ba. Ɗaukarta aka yi da wani siririn bututun gilashi aka soka ta har tsakiyar ƙwan. Wani matashin likita ɗan ƙasar Italiya, Gianpiero Palermo, shi ya yi wannan aiki a sashen Farfesa André Van Steirteghem, kuma a watan Yuli na shekarar suka bayyana wa duniya sakamakonsa a mujallar likitoci ta Lancet. Likitoci na taƙaita sunan dabarar da haruffan ICSI, su furta shi "iksi", abin da yake nufi kuwa shi ne allurar maniyyi a cikin ƙwai.

Cikin 'yan shekaru kaɗan dabarar ta game duniya, kuma ta cancanci yabon da ta sha. Mazan da a da likita kan sallama da "sai haƙuri" sun rungumi 'ya'yan cikinsu. Sai dai ƙididdigar duniya ta shekarun 2008 zuwa 2010 ta nuna cewa kashi biyu cikin uku na dukkan ayyukan haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin bincike da allura aka yi su, a ƙasashen Gabas ta Tsakiya kuwa kusan dukkansu. A Amurka, cikin ma'auratan da ba a sami wata matsala ga mijin ba, waɗanda aka yi wa iksi sun tashi daga kashi 15 cikin 100 a 1996 zuwa kashi 67 a 2012. Wannan wuce gona da iri ne. Duk wanda ya fahimci abin da allurar ke yi wa ƙwai, da abin da ba ta da ikon yi, zai ga cewa magani ce ta wata larura takamaimiya, kuma bai kamata ta zama abin da ake yi wa duk wanda ya shigo asibiti ba.

Hanyar da allura ta gajarce

Namiji lafiyayye kan fitar da miliyoyin ƙwayoyin maniyyi a lokaci guda. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ana fara sa ido ne idan adadinsu ya gaza miliyan 16 a kowace mililita. Daga cikin wannan runduna, 'yan ɗaruruwa ne kawai ke kaiwa inda ƙwai yake a cikin bututun da ya haɗa ma'ajiyar ƙwai da mahaifa. Can ɗin ma da sauran aiki, gama ƙwai kamar tsohon birni yake mai kariya hawa uku. A waje akwai dandazon ƙananan ƙwayoyin rakiya da suka lulluɓe shi kamar gajimare. Bayansu akwai ɓawo mai kauri, wanda shi ne ganuwar. Can ciki kuma akwai tantani marar kauri, wanda ya naɗe ruwan ƙwan kansa. Ƙwayar maniyyi ɗaya ce ke ratsa duka ukun, kuma da zarar ta shiga sai ƙwan ya sauya yanayin ɓawonsa don kada wata ta biyo baya.

Dabarar farko ta Patrick Steptoe da Robert Edwards, wadda ta samar da Louise Brown, tafiyar kawai ta rage. Akan ɗebo ƙwai daga jikin mace, a sa shi a ɗan faranti tare da ƙwayoyin maniyyi 50,000 zuwa 100,000, a bar su su kwana. Ratsa ganuwa yana nan a wuyan maniyyin. Saboda haka dabarar ta yi wa matan da bututunsu ya toshe rana, amma ba ta tsinana abin kirki ba ga mijin da ƙwayoyinsa 'yan kaɗan ne, ko ba sa motsi.

A shekarun 1980 masana suka shiga neman yadda za su taimaka wa irin wannan maniyyi. Wasu suka riƙa tsaga ɓawon ƙwai don buɗe masa ƙofa. Wasu suka riƙa tura ƙwayoyi kaɗan ƙarƙashin ɓawon, su ajiye su a bakin tantani, kuma ta wannan hanya aka sami juna biyu a Singafo a 1988. Amma ƙwan da ke kamawa ba shi da yawa, wanda ya kama ɗin ma sau da yawa ƙwaya biyu ko uku ke faɗa masa, ya lalace. Wannan hanya ta biyu Palermo yake bi a Burasel lokacin da bakin allura ya zarce, ya huda tantanin, ƙwayar maniyyi ta faɗa cikin ƙwan. A zaton kowa ƙwan ya mutu ke nan. Washegari sai aka tarar ya kama. Daga nan suka koma yin hudar da gangan.

Aikin hannu a ƙarƙashin madubi

Kafin mai karatu ya gane wuyar aikin, sai ya san girman abubuwan da ake magana a kansu. Ƙwan mace shi ne ƙwaya mafi girma a jikin ɗan Adam, amma duk da haka sai an jera kamar guda takwas kafin su cika milimita ɗaya. Allurar kuwa gilashi ne da aka ja a wuta har bakinsa ya fi gashin kai siranta kamar sau goma. Babu hannun da zai riƙe irin wannan abu bai yi rawa ba, don haka ana ɗaure allurar ne a jikin wata na'ura mai sandunan sarrafawa, wadda ke mai da babban motsin hannu ya koma ɗan mitsitsi. Madubin da ake dubawa da shi yana ƙara girman abu sau 200 zuwa 400, an kuma girke shi a kan teburin da ba ya jijjiga.

Da farko sai an tuɓe ƙwan. Akan tsoma shi na ɗan lokaci a wani sinadari mai narkar da danƙon da ke riƙe ƙwayoyin rakiya, sa'an nan a yi ta zuƙo shi ana fesarwa ta cikin bututu har ya fito tas. In ya daɗe a sinadarin, ko bututun ya cika matsewa, an ji masa ciwo tun ba a je ko'ina ba. Tuɓewar ce ke ba da damar a ga ko ya nuna. Alamar nuna ita ce wani ɗan ƙullutu da ƙwan kan fitar ya ajiye a gefensa, ƙarƙashin ɓawo, ɗauke da rarar kuromosom, wato zaruruwan nan masu ɗauke da saƙon gado, waɗanda kowane mutum ke karɓar 23 daga uwa, 23 daga uba. Ƙwan da bai fitar da ƙullutun ba ɗanye ne, ba a yi masa allura.

Ƙullutun nan yana da wani amfani kuma. Kuromosom ɗin da suka rage a cikin ƙwan a jere suke a kan wani tsari na siraran zaruruwa, wanda masana suka laƙaba wa sunan mazari saboda kamarsa da mazarin kaɗi in ya cika da zare. Madubin yau da kullum ba ya nuna mazarin, amma an san galibi kusa da ƙullutun yake zama. Saboda haka mai aikin kan ɗauki ƙwan tamkar fuskar agogon bango. Bututun da ke riƙe shi yana wajen ƙarfe 9, a juya ƙullutun ya koma ƙarfe 12 ko ƙarfe 6, allura kuma ta shigo ta ƙarfe 3, nesa da mazari. Idan allura ta bi ta kansa, kuromosom na iya warwatsewa, rabonsu ya zo ba daidai ba. Har ila yau mazarin ba ya jure sanyi. In zafin farantin ya sauka daga digiri 37 na 'yan mintoci, zaruruwan kan wargaje, kuma ba kullum suke komawa yadda suke ba ko an mai da zafin. Mai aikin da ya cika nawa, ko ya fito da ƙwai da yawa daga akwatin ɗumi a lokaci guda, yana yin ɓarna ko da allurarsa ba ta kuskure ba.

Sai kuma ita ƙwayar maniyyin. Akan sa ta cikin wani ruwa mai yauƙi don a rage mata gudu, a zaɓi wadda siffarta da motsinta suka fi kyau, sa'an nan a yi mata abin da zai ba ɗalibi mamaki: a danne wutsiyarta da bakin allura a ƙasan faranti, a murza har ta lanƙwashe. Da farko an ɗauka amfanin haka shi ne a tsai da ita don a ji daɗin kamawa. A tsakiyar shekarun 1990 aka lura cewa in an murza wutsiyar sosai ƙwai ya fi kamawa, cikakken dalili kuwa ya bayyana a 2002, lokacin da wasu masu bincike a Birtaniya suka gano wani sinadari a cikin maniyyi da suka kira PLC-zeta. Ƙwan da ya nuna tamkar barci yake yi, wannan sinadari kuwa shi ke tashinsa. In ya malala cikin ruwan ƙwai, sai sinadarin kalsiyam ya riƙa tashi yana sauka a kai a kai har tsawon sa'o'i, kuma wannan kaɗawa ita ce umarnin da ƙwan ke jira kafin ya fara aiki. A haɗuwa ta ɗabi'a tantanin maniyyi da na ƙwai ne ke narkewa cikin juna, sinadarin ya fita. A iksi babu wannan narkewa, to dole a yaga tantanin maniyyin da hannu. Ƙwayar da aka tura da lafiyayyen tantani tana iya kwana cikin ƙwan kamar wasiƙar da ba a buɗe ambulanta ba.

Mataki na ƙarshe shi ya fi kowanne bukatar gwaninta. Akan zuƙo ƙwayar ta wutsiya, kanta ya tsaya a bakin allura, a soka ta cikin ɓawo. Tantanin ƙwai yana da talewa kamar balan-balan da ba a cika hurawa ba, don haka maimakon ya huje sai ya bi bakin allura ya lotsa ciki, ya yi siffar mazurari. Mai aikin kan riƙa zuƙo ruwan ƙwan a hankali har ya ga ya ɓarko cikin allurar farat ɗaya, alamar tantani ya fashe ke nan, sa'an nan ya mai da ruwan tare da maniyyin, ya zare allura. In bai zuƙa ya isa ba, ƙwayar na maƙale a aljihun tantani, a ido tana ciki alhali tana waje. In ya zarce, ya dagula cikin ƙwan. In kuma ya tura ruwan yauƙin nan da yawa, ya sa wa ƙwan abin da ba nasa ba. Ko a hannun ƙwararru, ƙwai 5 zuwa 10 cikin kowane 100 kan mutu sanadin allurar. Wani ƙwan ma tantaninsa ba shi da talewa, yana taɓa shi sai ya fashe ba mazurari, irin wannan kuwa ya fi saurin mutuwa, kuma laifin ba na mai aikin ba ne.

Bayan sa'o'i 16 zuwa 18 ake dubawa. In an ga ɗigo biyu a tsakiyar ƙwan, ɗaya ɗauke da gadon uwa ɗaya na uba, ƙwai ya kama. A ɗakin bincike mai kyau, kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na ƙwan da aka yi wa allura ne ke kaiwa nan. Wani lokaci akan ga ɗigo uku, ko da yake ƙwaya ɗaya aka tura. Wannan na faruwa ne idan ƙwan ya kasa fitar da ƙullutu na biyu, ya riƙe kuromosom da suka yi masa yawa, kuma ba a mai da irinsa mahaifa.

Akwai wani abu a tarihin dabarar da ya kamata malaman kimiyya su faɗa wa ɗalibansu. Tun a 1976 Uehara da Yanagimachi suka soka maniyyi a ƙwan wani nau'in ɓera da ake kira hamsta a Hawai, an kuma sami 'yan maruƙa ta wannan hanya a Japan a 1990. Amma ƙwan ɓeran ɗakin bincike, wanda a kansa aka saba gwada komai, fashewa yake yi in an soka masa allura mai tsini. Sai a 1995 Kimura da Yanagimachi suka shawo kan matsalar, da wata allura marar tsini mai huda da ɗan bugu mai sauri ƙwarai. Wato an haifi ɗan Adam ta iksi shekara uku kafin dabarar ta zauna a kan ɓera. An yi sa'a abin ya zo da sauƙi. Likitocin Burasel kuma sun kyauta da suka ci gaba da bin lafiyar yaran har suka girma.

Abin da allura ba ta gyarawa

Kamawar ƙwai mafari ne kawai. A kwana na biyu ɗan tayin kan kai ƙwaya huɗu, a na uku takwas, a na biyar ya zama ɗan ƙwallo mai rami da ƙwayoyi fiye da 100. A kwanaki ukun farko guzurin da ƙwai ya tanada ne ke tafiyar da kusan komai. Wani bincike da aka yi a Kambirij a 1988 ya nuna cewa sai ɗan tayi ya kai ƙwaya huɗu zuwa takwas sa'an nan yake fara karanta saƙon gadon kansa, wanda rabinsa na uba ne. A nan asiri ke tonuwa. Ƙwayar maniyyin da saƙon cikinta ya kakkarye tana iya sa ƙwai ya kama lafiya lau, ɗan tayi ya yi kyau kwana biyu, sa'an nan ya tsaya cak. Mai aikin da ya zaɓe ta siffa da motsi kaɗai ya gani, madubinsa ba ya karanta abin da ke cikin kanta.

An yi ƙoƙarin inganta zaɓen. Wasu sun koma duba maniyyi da madubin da ke ƙara girma fiye da sau 6,000. Wasu sun riƙa zaɓar ƙwayoyin da ke manne wa irin danƙon da ke kewaye da ƙwai, bisa tunanin su ne suka fi nuna. An gwada wannan ta biyun a kan ma'aurata 2,772 a Birtaniya, aka buga sakamakon a 2019: kashi 27 cikin 100 sun haihu, a ɗaya ɓangaren da aka yi iksi yadda aka saba kuwa kashi 25. An ga raguwar ɓari, amma a yawan haihuwa tazarar ba ta kai a kafa hujja da ita ba.

Ta wajen ƙwai ma haka abin yake. Babban abin da ke yanke hukunci a kan nasarar kowace irin haɗawa shi ne shekarun mace, domin bayan shekara 35 ƙwan da kuromosom ɗinsa ba daidai ba yana ƙaruwa da sauri. Allura na iya kai maniyyi cikin ƙwan mai shekara 42, amma ba ta mai da shi na mai shekara 25.

Sa'an nan akwai batun gado. Wasu mazan ƙarancin maniyyinsu ya samo asali ne daga ɓallewar wani ɗan yanki na kuromosom Y, wanda uba ke miƙa wa ɗansa namiji kai tsaye. Irin wannan uba in ya haihu ta iksi, ɗansa zai gaji matsalar, kuma wajibi ne a gaya masa tun kafin a fara. A 2016 likitocin Burasel suka auna maniyyin samari 54, 'yan shekara 18 zuwa 22, daga cikin waɗanda aka fara haifa ta iksi saboda larurar ubanninsu, suka tarar yawan ƙwayoyinsu kusan rabin na tsararrakinsu ne. Wani babban bincike daga Kudancin Ostareliya, wanda aka buga a 2012, ya sami nakasar haihuwa a kashi 9.9 cikin 100 na jariran iksi, da 7.2 na jariran tsohuwar hanyar faranti, da 5.8 na waɗanda aka samu ba tare da taimako ba. Masana da yawa na ganin mafi yawan wannan ƙari daga larurar iyayen ya fito, wasu kuma ba su wanke allurar ɗungum ba, tun da tana tura wa ƙwai hular da ke kan maniyyi, wadda a ɗabi'a a waje ake yar da ita. Ko ta ina aka duba, mafi rinjayen yaran iksi lafiyarsu ƙalau. Ga mijin da ba shi da wata hanya, wannan ɗan haɗari abin ɗauka ne. Tambayar ita ce: wanda maniyyinsa ke iya ratsa ganuwa da kansa, me aka ba shi a madadin haɗarin?

Me ya sa ake yi wa kowa?

Amsar da gwaje-gwaje suka bayar ita ce ba a ba shi komai ba. Hanyar da ta fi inganci wajen gwada magani biyu ita ce a raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, yadda ba likita ba ne zai zaɓi wanda za a yi wa wane, sa'an nan a ƙirga sakamako. An yi haka a Biyetnam da ma'aurata 1,064 waɗanda maniyyin mazan ba shi da matsala, aka buga a 2021: kashi 35 cikin 100 sun haihu ta iksi, kashi 31 ta faranti, tazarar da masana lissafi suka ce sa'a kaɗai na iya kawo ta. A ƙasar Sin aka gwada ma'aurata 2,387 waɗanda mazan ke da matsala amma ba mai tsanani ba, aka buga a 2024: kashi 34 ta iksi, 37 ta faranti. A Danmak, a 2025, cikin mata 824, an sami kashi 43 ta iksi da 47 ta faranti. Ƙasashe uku masu nisa da juna, magana ɗaya.

Masu yi wa kowa allura suna da hujjarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Babu safiyar da ta fi muni a wannan sana'a kamar wadda za a buɗe akwatin ɗumi a tarar ko ƙwai ɗaya bai kama ba, alhali matar ta sha allurai na kwana goma ko fiye, mijin wataƙila ya sai da gona ko fili. Likitan da ya taɓa shiga ɗaki da irin wannan labari ba ya so ya sake. Amma Ƙungiyar Likitocin Haihuwa ta Amurka ta yi lissafin a 2020, ta ce sai an yi wa ma'aurata fiye da 30 allurar da ba sa bukata kafin a kare guda ɗaya daga wannan masifa. Kuma ita iksin ma ba ta kawar da ita gaba ɗaya ba, domin a kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na ayyukanta ba a samun ƙwan da ya kama. Inda ake da shakka, akwai asibitocin da kan raba ƙwan gida biyu, rabi allura rabi faranti.

Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne yadda ake ƙirga nasara, kuma ɗalibin aji uku na sakandare zai iya gano lam'ar. A ce an ɗebo ƙwai 10 daga jikin mace. In iksi za a yi, sai a tuɓe su, a ware 2 ɗanyu, a yi wa 8 allura, 6 su kama: shida cikin takwas, kashi 75 ke nan. In faranti ne, duka 10 ake zubawa, 6 su kama: kashi 60. A takarda allura ta yi fintinkau, a hannun matar kuwa ɗan tayi shida ne nan, shida ne can. Daɗin daɗawa, ƙwan da ya kusa nuna yana iya ƙarasa nunarsa cikin dare a faranti, tare da ƙwayoyin rakiyarsa, ya kama, alhali a iksi an riga an ware shi.

Ba za a kuma rufe ido ga batun kuɗi ba. A yawancin asibitoci iksi na da nata farashin a kan na haɗawa, kuma wanda ya zo neman haihuwa bayan shekara goma ba ya cikin halin yin ciniki. In an ce masa ga hanya "ta zamani", zai biya.

A ƙasashen Musulmi akwai wani dalili na daban da ya ɗaukaka darajar allurar. Fatawar da ta fito daga Masar a 1980, da waɗanda suka biyo bayanta a duniyar Sunni, sun halatta haɗa ƙwai a ɗakin bincike muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma auren yana nan. Karɓar maniyyin wani, wanda a Turai ya daɗe yana zama mafita, haramun ne. Saboda haka ga mijin da larurarsa ta yi tsanani, iksi ita kaɗai ce ƙofa. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa aka karɓe ta hannu bibbiyu, amma bai zama hujjar yi wa wanda ba shi da larurar ba.

Waɗanda ke bukatarta sanannu ne. Akwai mijin da ƙwayoyinsa suka yi ƙaranci ainun ko ba sa motsi. Akwai wanda babu ko ɗaya a ruwansa, sai an yi masa ɗan aiki an tsamo su daga cikin maraina, abin da aka fara samun nasararsa a 1993, wanda kuma likita Peter Schlegel ya inganta a Amurka a 1999 ta yin aikin a ƙarƙashin madubi. Akwai ma'auratan da aka taɓa gwada faranti ƙwai bai kama ba, da kuma matar da aka daskarar da ƙwanta aka adana, tun da an riga an tuɓe shi. Ga waɗannan, allurar Palermo alheri ce da ba ta da na biyu.

Wannan magana ta shafi ƙasar Hausa ta wata fuska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum ɗaya cikin shida kan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun larurar miji. Duk da haka, in aure ya shekara uku shiru, matar ake kira juya, ita ke shan jiƙe-jiƙe, ita ake yi wa kishiya, sau da yawa kishiyar ma ta zo ta zauna shiru. Hangum da ya kama namiji bayan balaga, da ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba, da kumburin jijiyoyin maraina, duk suna iya rage maniyyi ko su toshe hanyarsa, kuma ƙarfin namiji a shimfiɗa ba ya nuna komai game da wannan. Ko a iksi ma, inda larurar ta miji ce, matar ce ke shan alluran ƙarfafa ƙwai, ita ake soka wa allurar ɗebo shi, ita ke ɗaukar haɗarin kumburin ma'ajiyar ƙwai. Mafi ƙarancin adalci shi ne a fara da gwajin mijin, wanda ba ya bukatar yanka ko allura. Akan ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a kai ruwan ɗakin gwaji, in sakamakon bai yi kyau ba a sake bayan kamar wata uku, domin ƙwayar maniyyi na ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta kammala ginuwa, kuma zazzaɓi mai zafi kaɗai na iya ɓata gwaji guda. Idan gwajin ya nuna maniyyin lafiya lau, asibiti kuma ya rubuta iksi a takardar biyan kuɗi, haƙƙin ma'auratan ne su tambayi dalili, su kuma nemi a gaya musu jarirai nawa aka haifa cikin kowace mace 100 masu irin shekarun matar, ta allura da kuma ta faranti.